Ranar Da Albasar Baba Ta Miƙe

Ku da kuka cika mini waya da "Bahijja ina labari, Bahijja kin ɓace," to ga ni. Ban ɓace ba, kunya ce ta zaunar da ni. Duk wadda ta ga bidiyon nan da ke yawo, na wani tsoho yana dariya har hularsa na faɗuwa a gaban wata ƙatuwar albasar ƙarfe, ta koma ta dubi gefen hagu da kyau. Mai jan mayafi da farar riga, wadda ta sandare kamar an dasa ta, ni ce. Yau zan gaya muku abin da na aikata, tunda har yanzu ban iya buɗe baki na faɗa wa kowa a gidanmu ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Bahijja Na'Allah, shekarata ashirin da shida, a Bodinga nake. Sana'ata zane a kwamfuta. Katin biki, fostar walimar sauka, allon shago, duk ni ce. Idan kin ga katin ɗaurin aure a garinmu wanda ba a cika shi da furanni da tattabaru ba, to daga hannuna ya fito.

Babana, Malam Na'Allah, mai walda ne. Shekara talatin yana ƙera ƙofofi da gadaje da garmar shanu, har ƙarar garanda ta cinye masa kunne. A gidanmu ba a yin sirri, domin duk maganar da za a yi da Baba sai maƙwabta sun ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bara ne 'yan ƙungiyar albasa na Bodinga da Shagari suka zauna suka ce sun gaji da ganin motoci suna wuce su fuu. Suka sami fili a bakin titi tsakanin garuruwan biyu, suka ce a kafa wani abin kallo da zai sa matafiyi ya taka birki, ya yi hoto, ya sha fura, ya sayi buhu ɗaya kafin ya wuce. Shugabansu Alhaji Maniru ya zo har zaurenmu ya ba Baba aikin: albasa ta ƙarfe, tsayin mutum huɗu.

Wata bakwai Baba ya yi a kanta. Ya je fadamar Danchadi da kansa ya zaɓo albasa ɗaya ya ɗora bisa benci yana kallo, in ta bushe ya koma ya zaɓo wata. Ya rame, idanunsa suka yi jajir. Da ya gama na je na gani, wallahi sai da na yi hawaye. Jawur take mai ɗan duhu, ɓawonta kamar ka sa farce ka ɓare, lawashinta kuma ya karye daga wuya ya kwanta gefe guda. Ya sa aka lulluɓe ta da tampol, ya dawo gida ya yi barcin kwana biyu.

Ana haka Lukman ya sauka.

Asalinsa ɗan Shagari ne, amma tun yana shekara huɗu aka tafi da shi Abuja, ya dawo mana da gemu mai layi, da agogo mai faɗin murfin kofi, da kamfani mai suna Tsinkaye wanda har yau ban ga ma'aikacinsa na biyu ba. Shi aka ba aikin tallata dandalin: suna, tambari, riguna, huluna, allo, komai. Yana neman mai zane aka nuna masa gidanmu. Ranar ina sanye da wata tsohuwar atamfa mai ruwan ƙasa, hannuna duk ƙullun masa. Ya tsaya a ƙofar zaure cikin farar shadda mai maiƙo, ƙamshinsa ya riga sallamarsa shiga gida.

"Ke ce Bahijja? Na ga aikinki. Kin gane, ke ba 'yar nan ba ce. Idonki na birni ne."

'Yan uwa, kada ku yi mini dariya. Shekara huɗu ina zane babu wanda ya taɓa ce mini komai sai "ƙara girman hoton ango." Maganar nan ta shige ni har ƙashi. Kafin sati biyu sunansa a wayata ya tashi daga "Oga Tsinkaye" ya koma "L" da jar zuciya a gefe.

Innata Hasiya kuwa tun ranar da ya aiko da kwandon tuffa ta sallama. Ƙanwar Baba, Gwaggo Zulai, da ta zo kwana uku tun azumin bara ba ta koma Kajiji ba, ita ce ta zama mai magana da yawunsa.

"Ke ɗiyar ga, ki buɗe idonki," in ji ta, tana tsince shinkafa. "Sa'o'inki duk sun yi ɗiya bibbiyu, ke kina nan kina auren kwamfuta. Yaro da mota, da ilimi, ga ladabi. Kin ga yadda yad duƙa ya gaishe ni? Har ƙasa!"

"Gwaggo, makullin motarshi na yaf faɗi."

"Ko mi yaf faɗi, ya dai duƙa."

Ba wanda ya tilasta mini, kada ku ce an tilasta mini. Ni da kaina nake fesa turare in zauna jiran ƙarar motarsa bayan la'asar.

Wata Laraba ya ɗauke ni zuwa filin, ya sa mai gadi ya ɗaga tampol. Ya ja da baya, ya haɗa yatsunsa kamar mai ɗaukar hoto, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya ja dogon numfashi irin na likitan da ya ga cuta.

"Jikin ya yi. Amma ganyen nan matsala ne."

"Lawashin?"

"Dubi yadda ya langaɓe. Kamar abin da ya sha kaye. Kin gane, hoto magana yake yi. Mai wucewa a mota daƙiƙa uku gare shi. Me zai gani? Gajiya. Mu kuwa abin da muke sayarwa shi ne tashi, ci gaba, buri. Sunan wurin ma na riga na samo: Albasa Ta Miƙe. Ki zana mini tambari ganye yana kallon sama."

Yanzu bari in tsaya in yi wa 'yan birni bayani, don na san akwai masu zaton a cikin buhu albasa take tsirowa. Albasa muddin lawashinta na tsaye, ɗanya ce. Sai ta ƙosa wuyanta yake laushi, ganyen ya karye ya kwanta. In wasu sun ƙi kwanciya, manomi da kansa yake bi yana karya su, ya janye ruwa, ya ba ta kwanaki wuyan ya rufe, sannan ya cire. Wadda aka tumɓuke da ganye a tsaye ba ta sati uku a rumbu sai ta ruɓe, ta ruɓar da na kusa da ita. Kowane yaro a Danchadi ya san wannan kafin ya san ƙulhuwallahu. Ni ma na sani. Kakata ta wajen uwa da karyar lawashi ta tsufa.

To me na ce masa?

Na ce, "Sunan Baba fa? Za a sa a allon?"

Abin da ya fi damuna ke nan tun farko. Na ga takardar da ya tsara, daga sama har ƙasa Tsinkaye ne, babu Na'Allah ko a lungu. Mutum ya ba da wata bakwai da sauran jin da ya rage masa, a ce ko sunansa babu?

Lukman ya yi murmushin nan nasa mai lotsa kumatu ɗaya.

"Hajiyata, allon ranar buɗewa na roba ne, na wucin gadi. Akwai na dutse da za a sassaƙa daga baya, wanda zai shekara ɗari. Ki ba ni tambarina, in ba ki sunan Baba a dutse. Ai surukina ne."

Surukina. Kalmar nan ce ta ƙarasa ni. Na dawo gida na buɗe kwamfuta bisa tabarma, a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu, na zana albasa da ganye bakwai tsaye cirko-cirko. Na gaya wa kaina ai zane ne kawai, tambari ne, ba ita kanta ba. Na tura masa. Ko minti ɗaya ba a yi ba:

"Wayyo! Kin kashe ni. Na tsakiyar nan ki ƙara masa tsawo ya fi sauran."

Na ƙara.

"Ki ɗora masa ɗan farin ƙwallo a kai. Fitilar sola za mu sa a wurin, ta riƙa haske daga nesa."

Na tsaya. Na rubuta, "Fitila a tambari?"

"A kan ita kanta albasar mana. Na samo masu walda daga cikin Sakkwato, za su miƙar da ganyen ya dace da tambari. Kada ki gaya wa Baba, so nake ya sha mamaki."

Ga wani bayanin kuma. Akwai abin da ya fi ɗanyar albasa muni wurin manomi, shi ne wadda ta fitar da dogon kara a tsakiya ta yi farin fure dunƙulalle a kai. Wannan ta gama yawo. Duk ƙarfinta ya tafi sama, cikinta ya zama icce, dillali ko kyauta ba ya karɓa. Sai dai a bar ta don iri. Wato abin da masoyina ya zauna ya ƙirƙiro da iliminsa na Abuja, ya ce a kafa a bakin titi da sunan manoman albasa, shi ne albasar da ta fi kowace lalacewa a duniya.

Na rubuta masa dogon saƙo. Na yi bayanin wuya, na yi bayanin rumbu, na yi bayanin fure. Na karanta sau biyu. Kafin in tura sai ga nasa ya shigo:

"Af, na manta. Na yi magana da su Kawu. Alhamis ta bayan buɗewa za su zo gaida Baba."

Na goge nawa tas. Na tura masa hoton zuciya guda uku.

Ku zage ni, na yarda. Ni ma na zagi kaina.

Kwana goma ina cin tuwo kwano kusa da kwano da Baba ban ce uffan ba. Tallar da Lukman ya tsara ita ta rufa mini asiri, don fostocin da aka manna daga Bodinga har Lambara babu komai a jikinsu sai hoton tampol da ƙatuwar alamar tambaya da kwanan wata. Ya ce wannan shi ake kira jan rai. Mutanen Kajiji suka ɗauka sanarwar cigiya ce, wata tsohuwa har ta zo tambayar ko yaro ne ya ɓata.

Baba kuwa ya kai shaddarsa ruwan toka wurin mai guga tun saura mako. Kullum da safe sai ya tambaye ni da ƙarfi, yadda yake magana:

"Bahijja! Ba su taɓa min albasata ba ko?"

"Fenti kawai za su ƙara, Baba!"

"Mi?"

"FENTI!"

Kun ji. Ƙaryar ma sai da na yi ta da ihu, unguwa duka ta shaida.

Ranar Asabar aka buɗe. Rumfuna huɗu, kujerun roba, mai lasifika yana ta kirari. Manoma suka zo a kan babura, uku-uku, daga Danchadi da Kajiji da Lambara, kowa da rigarsa ta Juma'a. Inna ta sa leshinta mai ruwan goro da ta ɓoye tun bikin yayata, Gwaggo Zulai ta ɗaura ɗankwali kamar za ta tashi sama. Aka zaunar da Baba a layi na uku, bayan wani mai sayar da taki. Lukman ya hana a raba riguna da huluna sai an yaye tampol, amma ni ya ce in sa tawa tun daga gida, in rufe da mayafi. Ina zaune gumi yana bin bayana, tambarin yana ƙona mini ƙirji.

Ya karɓi makirfo ya yi minti ashirin da biyar. Ya ce labari, ya ce hangen nesa, ya ce idon duniya. Ya ce daga yau duk wanda ya ji an ce albasa, zai tuna wurin nan. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Alhaji Maniru ya ja igiya. Tampol ya zame.

Kun san irin shirun da ake yi idan liman ya yi kuskure a karatu kowa yana jiran wanda zai gyara? Shi aka yi. Ga albasar Baba, jawur, kyakkyawa, ga ganye bakwai sun miƙe sama kamar an tsorata su, na tsakiya ya fi kowa tsawo, da farin ƙwallo ɗaram a kansa. Mai lasifika ya yi tafi shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi, ya daina.

Sai wani tsoho ya miƙe daga baya, Ɗanbaba, wanda aka ce ya shekara hamsin yana noman albasa a Danchadi. Ya tako a hankali da sandarsa har gindin abin, ya ɗaga kai, ya zagaya ta sau ɗaya.

"Alhaji Maniru, ranka shi daɗe," ya ce, "wagga ta iri ta, ko ta kasuwa?"

Wani ya tuntsire daga baya.

"Don in ta kasuwa ta, wallahi ku yi maza ku kai ta. Ba ta kai sati ukku. Ku diba, har ta yi hure!"

Wurin ya fashe. Ban taɓa ganin dattawa suna dariya haka ba, wasu suna riƙe ciki, wasu suna dukan kafaɗar juna. Wani ya ce a kira mai ban ruwa a gaya masa ya janye. Wani ya ce a ba shi aron tsani ya hau ya karya mata wuya. Ɗanbaba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, kuma a nan ne wani mara tsoron Allah ya ɗauki bidiyon da kuka gani. Lukman yana ta murmushi yana gyaɗa kai, don shi a zatonsa murna suke. Har ya sunkuyo ya raɗa mini, "Kin gani? Ya kama su."

Alhaji Maniru bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi kicin-kicin, ya juya yana neman Baba da ido.

Baba ya taso. Ya ratsa mutane, shaddarsa tana ƙara don guga. Ya tsaya a gindin abin da ya yi wata bakwai yana yi, ya daɗe yana kallon wuyan, inda baƙin hannu ya yanke ya sake liƙawa da walda ƙulu-ƙulu kamar tuwon da bai tuƙu ba. Aka fara raba riguna, wani ya miƙa masa ɗaya. Ya buɗe ta, ya dubi tambarin. Sannan ya juyo ya dube ni. Iska ta riga ta ɗage mayafina.

Ya tako har gabana. Yau ɗaya a rayuwarsa ya yi magana a hankali.

"Zanen ya yi kyau, Bahijja. Hannunki na, na gane shi."

Ya ninke rigar sau huɗu, ya miƙa mini, ya tafi neman babur. Da ya mare ni a gaban mutanen nan da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyar ke nan. Baba yana fita shago, yana dawowa, yana amsa gaisuwata, bai sake tayar da maganar ba. Ya dai daina tambayata komai da safe. Bidiyo kuma ya kai inda tallar Lukman ba ta taɓa mafarkin kaiwa ba. Motoci suna tsayawa kam, babu ƙarya. Mutane suna fitowa su yi hoto suna nuna furen suna dariya. Direbobi sun raɗa wa wurin suna Kwanar Ɗanya.

Inna ta ce sharrin mahassada ne. Gwaggo Zulai ta ce manoma ba su waye ba.

"Yo albasa ta ƙarhe, wa za shi ci? Ta tsaya, ta kwanta, ta yi goho, mi yad dame su? Ke dai ki gyara huskarki, gobe baƙi na tahe."

Goben ita ce yau, Alhamis. Tun safe gidanmu ya kaure da ƙamshin soyayyar kaza. An shimfiɗa sabuwar darduma a zaure, an aro kulolin maƙwabta masu ruwan zinariya, an jera kunun aya a cikin ƙanƙara. Inna ta sa ni saka doguwar riga shuɗiya mai duwatsu, Gwaggo ta turara ni har ina tari. Yau ne kuma Kabiru, mai sassaƙa rubutu a dutse can cikin Sakkwato, ya ce lallai in tura masa abin da za a rubuta kafin magariba.

Ana kiran la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta tagar ɗakina, dattawa uku da manyan riguna, da kwalin goro da alawa. Lukman bai zo ba, ai ba a zuwa da ango. Amma wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne ya shigo.

"Hajiyata, su Kawu sun iso?"

"Sun iso."

"Madalla. Ina da albishir. Kin tuna alkawarina? Sunan Baba a dutse."

Na riga na fara sanin irin albishir ɗinsa.

"Ki sa shi da manyan baƙaƙe: Ƙira da tsarawa, Malam Na'Allah mai walda, Bodinga. Ki cire Tsinkaye gaba ɗaya, ko tambarinmu kada ki bari."

Na zuba wa wayar ido. Yana ta rubutu, ɗigon nan uku suna rawa.

"Kin gane, akwai wani babban aiki da nake nema a Abuja, bidiyon nan zai iya ɓata mini. Na riga na gaya wa Alhaji Maniru cewa tun farko haka mai waldar ya ƙera ta, mu talla kawai muka yi, gyaran da muka sa aka yi na fenti ne. Shi Baba ba abin da zai rasa. Tsoho ne, ba ya shiga intanet, ko an yi maganar ma ba ji zai yi ba. Kuma kin ga burinki ya cika."

Ya ƙara da fuskar dariya. Da zuciya ja.

'Yan uwa, sati biyu ina roƙon sunan nan. Don shi na zana abin da na san ƙarya ne, don shi na yi wa mahaifina ihun fenti. Ga shi an ba ni, da manyan baƙaƙe, a dutsen da zai shekara ɗari, don jikokin Ɗanbaba su riƙa karantawa suna cewa ga mai waldar da bai san albasa ba. Ban yi kuka ba. Wani irin sanyi ne ya sauko mini, irin wanda ke zuwa idan zazzaɓi ya sake ka.

Na jawo kwamfuta bisa gado, da doguwar rigata da turarena. Na buɗe zanen allon dutsen. Na bar Tsinkaye inda yake, na ƙara masa girma har ya cika faɗin dutsen. A ƙasa na rubuta: Wanda ya miƙar da lawashi, Lukman. A ƙasan wannan kuma: Wadda ta zana, Bahijja.

Yatsuna da kansu suka ci gaba, don sun saba, suka rubuta Na'Allah a bayan sunana. Na daɗe ina kallonsa. Tun ina aji ɗaya nake rubuta sunan nan a bayan nawa ban taɓa tunanin ko na cancanta ba. Na goge shi harafi ɗaya-ɗaya. Na tura wa Kabiru, na ce ya fara sassaƙa yau.

Ban rufe kwamfutar ba na ji muryar Gwaggo.

"Ke Bahijja! Hito, Malam na kira!"

Na ja mayafi, na ɗauki waya na fito. Baba yana tsaye a tsakar gida, daidai bakin ƙofar da ta shiga zaure, taku huɗu tsakaninsa da baƙi, labule kawai ya raba. Ina hango takalmansu a jere. Inna ta tsaya bakin madafa da ludayi a hannu, bakinta har kunne. Na durƙusa.

"Mutanen ga sun zaka da magana," in ji Baba, da muryarsa ta kullum wadda ake ji har bakin titi. "Nic ce musu ni ba ni ba da ɗiya sai na ji daga bakinta. Mi kic ce?"

Gwaggo ta zungure ni da ƙafa. "Kunya ta ka ji, Malam. Shirun nan ai amsa ta."

Na miƙa masa wayar da hannu biyu. "Baba, ga saƙon da yat turo yanzu. Ka diba."

Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya runtse jajayen idanun nan da walda ta dafa. Ya miƙo mini abata.

"Ba ni ganin ƙananan rubutun ga. Karanta min."

Na fara, can ƙasa-ƙasa. "Hajiyata, su Kawu sun..."

"Mi?"

Na ɗago na dube shi. A zaure an daina taɗi, har ƙarar cokali ta tsaya. Baba ya sa hannu bayan kunnensa ya karkato, fuskarsa babu komai a cikinta. Shekara ashirin da shida ina tare da mutumin nan, har yau ban san iyakar abin da yake ji da wanda yake barin ya wuce ba.

"Ɗaga murya, ɗiyata," ya ce. "Kin san ni ba ji nika yi ba."

Ludayin Inna ya sauka a hankali. Na gyara durƙuso, na share maƙogwaro, na koma farkon saƙon.

Na ɗaga murya, irin yadda na ɗaga ta ranar fenti.